Minti goma kawai nake iya tsayuwa a kicin, me zan girka da zai ƙosar da ni da yarona?

Mai Jinyar Kanta ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau sati biyar ke nan da aka yi mini aiki a ciki. Ɗinki ya kama, alhamdulillahi, amma ƙarfi ya ƙi dawowa. Likita ta ce jinina ya yi ƙasa, ta ɗora ni kan ƙwayar ƙarin jini, ta kuma hana ni ɗaga abu mai nauyi. Ƙanwata ta zauna da ni sati uku, hutunta ya ƙare ta koma bakin aikinta. Maigidan aikinsa a nesa yake, sai ƙarshen wata muke ganinsa. Saura ni da ɗana ɗan shekara tara, wanda kullum yake dawowa daga makaranta kamar bai taɓa ganin abinci ba.

Na auna kaina da agogon waya. In na tsaya gaban murhu, minti goma na cika sai in fara ganin duhu-duhu, ƙafafuna su ɗauki rawa. Ranar Talata na yi taurin kai na ce sai na yi girki irin wanda na saba, da yanke-yanke da suya da komai. Na gama kam, amma ko loma ban kai baki ba. Kwanciya na yi har dare, tukwanen kuma suka yi kwana biyu a wurin wanke-wanke suna kallona ina kallonsu.

Tun daga ranar shayi da burodi ne safe, shayi da burodi ne dare. Yaron bai ce komai ba, kuma shirun nasa ne ya fi damuna.

Abin da nake da shi: murhun gas mai kai biyu, butar lantarki, babban fulas, da ƙaramin firij da ban gama yarda da shi ba saboda wuta takan ɗauke. Gas ɗin ma lallaɓa shi nake, don in ya ƙare babu mai ɗauko mini tukunyar.

Ina neman abincin da za a ci a ce an ci abinci, na rana ko na dare, ba abin taɓa-ka-lashe ba. A sa wanke-wanke cikin lissafi don Allah, shi ma tsayuwa ce. Kuma kada a ce in ɗauki mai aiki ko in riƙa saya kullum, na riga na buga wannan lissafin bai fita ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Nas Mai Aikin Dare ta amsa:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Kafin maganar abinci, wa ya ce miki dole a tsaye ake girki? Ki kai katakon yanka da wuƙa kan tebur, ki zauna ki yi yankanki. Minti goman nan naki ki adana su don abin da ba ya yiwuwa sai a tsaye.

Ni in na sauko daga aikin dare, ko takalmi da ƙyar nake cirewa. Abin da ya riƙe ni shekara da shekaru kuskus ne, na fakiti. An riga an turara shi an busar tun a masana'anta, shi ya sa ba ya neman wuta, ruwan zafi kawai yake jira. Kofi ɗaya na kuskus a kwano, ɗan gishiri, cokali ɗaya na mai, sai kofi ɗaya na tafasasshen ruwa daga buta. Ki kifa faranti a kai, ki koma ki zauna. Kafin minti biyar ɗin su cika kin yanka tumatir biyu, rabin albasa da kokwamba. Ki barbaza kuskus ɗin da cokali mai yatsu, ki juye kifin gwangwani har da mansa, ki zuba kayan lambun, ki matse lemon tsami. Abin wankewa kwano ɗaya ne da wuƙa, farantin da kika rufe da shi kuma shi yaron zai ci a ciki.

Yadda nake gane abinci ya kai a kira shi abinci: akwai abin cika ciki, akwai abin gina jiki, akwai ɗanyen abu mai launi. In ukun sun haɗu, ko wuta ba ta taɓa shi ba ya isa. Shayi da burodi na farkon kawai yake da shi.

Akwai kuma wata ɓarna da shayin yake miki da ba ki sani ba. Ganyen shayi yana rage yadda hanji ke tsotsar sinadarin ƙarfe, wato ainihin abin da ke cikin ƙwayar da aka ba ki. Ki raba su, a samu tazarar awa ɗaya zuwa biyu tsakanin shayi da ƙwayar, haka ma tsakaninsa da abinci. Lemon tsami, lemon zaƙi da ɗanyen tumatir kuwa taimakawa suke yi, saboda bitamin C. Kifin sadin kada ki tsince ƙayarsa, ta yi laushi, kuma a cikinta sinadarin ƙarfafa ƙashi yake.

Ƙwai ma ki daina dafa shi ɗaya-ɗaya. Kowane babban ƙwai yana da kusan giram 6 na furotin, kuma gas ɗin da zai dafa biyu kusan shi zai dafa shida. Dafaffen ƙwai da ɓawonsa yana kai sati a firij mai aiki sosai. Tunda naki yana hutawa, ki tsaya a na kwana biyu.

Sai waken gwangwani. Dafaffe ne, ki tsiyaye ruwan ki ɗauraye shi, gishiri mai yawa zai tafi. Da albasa, mai, barkono da burodi, an gama. Gwangwanin da ya kumbura ko yake yoyo kada ma ki ɗanɗana, ki jefar. Wanda kika buɗe kuma ya rage, ki juye a roba mai murfi ki sa a firij.

Ɗalibin Ɗaki Ɗaya ya amsa:

Anti sannu da jiki. Ni dai digiri nake shirin karɓa a fannin taliyar leda, wadda kowa ke ce wa Indomie ko wane kamfani ne ya yi ta. Ba sai an kunna murhu ba ma. A zuba ta a kwano, a kwarara ruwan buta, a rufe minti biyar. Wani ɗan Japan mai suna Momofuku Ando ne ya ƙirƙiro ta a 1958, Allah ya san yawan ɗaliban da ya ceta. Ina yanka kabeji siriri-siriri in sa a ƙasan kwano kafin ruwan, zafin yana risinar da shi, sai in ɗora dafaffen ƙwai biyu. Ɗanki zai so ta, na yi miki alkawari.

Nas Mai Aikin Dare ta amsa:

Ƙanena, kabeji da ƙwan sun wanke ka. Amma wannan ƙullin garin ɗanɗanon da ke ciki, rabi ya isa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, kusan ƙaramin cokalin shayi ke nan, kuma ƙulli ɗaya yana cinye kaso mai tsoka daga ciki. Sau ɗaya ko biyu a sati ba laifi, ba kullum ba.

Tsohon Malamin Kimiyya ya amsa:

'Yata, Allah ya ba ki lafiya. Ni sai da na haura sittin na koyi girki, bayan rasuwar mai ɗakina, Allah ya jiƙanta. Da yake ba wanda ya koya mini, da ilimin da na yi shekara talatin ina koyarwa a aji na shiga kicin, kuma abin da na fara lura da shi shi ne yawancin wutar da muke ƙonawa ta banza ce.

Ruwa in ya tafasa a buɗaɗɗiyar tukunya ya tsaya ke nan a wajen digiri 100. Ki ƙure wuta iya ƙurewa, ba zai ƙara zafi ba, tururi kawai za ki yi ta aikawa sama. Abinci kuma ba tafasar yake buƙata ba, zafin yake buƙata, da lokaci. To in kin iya tsare zafin a cikin tukunya, me wutar take yi kuma?

Ga yadda nake yin shinkafa. Ina tafasa ruwan a butar lantarki tukuna, lita ɗaya ba ta cin fiye da kusan kashi ɗaya cikin goma na yunit ɗin wuta, ga shi an huta da gas. In zuba kofi ɗaya na shinkafa da kofi biyu na ruwan a tukunya mai murfi mai kamawa, da gishiri, mai, cokali biyu na tumatirin gwangwani, karas da albasa. In bar ta ta tafasa minti biyar. Sai in kashe wuta, ban buɗe murfin ba, in sauke kan katako, in naɗe tukunyar da tawul, in lulluɓe da tsohon bargo ta ko'ina har ƙasa. Bayan minti arba'in zuwa awa ɗaya shinkafa ta nuna lugub. Ba ta kamu ba, ba ƙanzo, ba a tsaya ana leƙe ba. Tukunyar da ba ta yi ƙanzo ba kuwa ɗauraya kawai take so, ke da kike lissafin wanke-wanke.

Ba ni na ƙirƙiro ba. A Turai lokacin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, da makamashi ya yi wuya, akwatin katako suke cikawa da busasshiyar ciyawa su binne tukunya a ciki. A Afirka ta Kudu ma akwai jakar da ake ɗinkawa musamman don haka, Wonderbag. Bargona dai bai gaza su da komai ba.

Taliya ta fi sauƙi. Ruwa ya tafasa, a zuba, a bari ta yi minti biyu tana tafasa, a kashe wuta a rufe ruf, a jira lokacin da aka rubuta a jikin leda, a ƙara minti ɗaya. A 2022, da gas ya yi tsada a Turai, wani masanin kimiyya ɗan Italiya, Giorgio Parisi, wanda ya ci kyautar Nobel a 2021, ya yaɗa wannan dabarar a Facebook, wasu manyan masu girkin ƙasar suka yi masa ca. Ni na gwada, kuma bakina bai ji bambanci ba. Wataƙila bakin tsufa ne. Ƙwai ma haka: ya tafasa, kashe, rufe, minti goma zuwa sha biyu.

Fulas ɗin nan naki kuma tukunya ce da ba ki sani ba. Ki ɗauraye cikinsa da ruwan zafi don ya ɗumama, ki zuba ots (hatsin nan na fakiti da ake damawa kamar kunu) da tafasasshen ruwa, ki rufe. Kafin ki gama shirya yaro ya nuna.

Abu ɗaya: ƙaramar tukunya za ki yi amfani da ita saboda ɗinkinki, kuma ki shimfiɗa bargon kusa da murhu tun kafin ki kunna, yadda taku ɗaya za ki yi. Kada ki naɗe ta a kan murhun, ƙarfen yana da zafi zai ƙona bargo. Na san haka ne saboda akwai huji a nawa. Wake ma ina jiƙa shi da dare, in ɗora da safe, in naɗe, wani lokaci ma in yi da yamma in bar shi ya kwana a bargo.

Nas Mai Aikin Dare ta amsa:

Baba, dabarar nan ta burge ni, zan gwada ranar hutuna. Amma a yi mini afuwa, wannan kwanan tukunya a bargo ban yarda da shi ba, musamman ga mai jinya da ƙaramin yaro.

Tsakanin digiri 5 da 60 nan ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Muddin tukunya tana sama da 60 lafiya lau, amma bargo ba ya riƙe ta a nan har abada. Tana sauka a hankali, ta yi awanni cikin ɗumi-ɗumin da suka fi so. Shinkafa ce ta fi ban tsoro. Akwai wata ƙwaya, Bacillus cereus, da irinta ba ya mutuwa a dahuwa. In dafaffiyar shinkafa ta daɗe a ɗumi sai ya farfaɗo ya zuba guba, gubar kuma ɗumame ba ya kashe ta. Amai ne ke biyo baya, kuma mai ɗinki a ciki ba ta son amai. Ƙa'idar ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye bayan ya bar zafi. Abin da ya rage a baza shi a faranti ya huce da wuri, a sa a firij, a cinye washegari, a ɗumama sau ɗaya tak har ya yi tururi. In wuta ta ɗauke tsawon dare, a haƙura da shi.

Jan waken nan mai kama da ƙoda kuma, dole ne ya yi tafasa mai ƙarfi aƙalla minti goma kafin a naɗe. Yana da wani sinadari mai sa amai da gudawa wanda sai tafasa sosai ke lalata shi, ɗumi-ɗumi ba ya yi.

Tsohon Malamin Kimiyya ya amsa:

Na karɓi gyara, 'yata Nas. Ni cikina ya saba da ganganci, amma ba zan ba wani shawarar ya bi ni ba. A mayar da shi haka: shinkafa awa ɗaya, wake awa uku zuwa huɗu, kuma in an buɗe bargo ba a ga tururi ya taso ba, hannu kuma yana iya riƙe tukunyar, a mayar kan wuta ta sake tafasa. Sai dai ban janye maganar taliya ba.

Goggo Mai Ciwon Gaɓɓai ta amsa:

Ɗiyata, duk sun ba ki dabarun ranar da kike da ɗan dama. Ni zan yi maganar ranar da ko butar ba za ki iya ɗagawa ba, don shekarata goma sha ɗaya da ciwon gaɓɓai, na san irin ranakun nan. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ina da kwando ɗaya da ba na taɓawa sai irin wannan ranar. A ciki akwai kifin gwangwani mai marfin ja da hannu (mabuɗin gwangwani abokin gabana ne), markaɗaɗɗiyar gyaɗa ta kwalba, ots, madarar gari, dabino, cokali da wuƙa. A kusa da gado yake, ba a kicin ba. Ayaba da burodi kuma ba sa yankewa a gidan.

Burodi da markaɗaɗɗiyar gyaɗa da ayaba a yanka a kai, da kofin madara, wallahi yana kai ni daga azahar har dare. In akwai fiya, in murƙushe ta da cokali da dafaffen ƙwai da gishiri in shafa. Ots kuma ko ruwan zafi ba ya buƙata: a jiƙa shi da madara ko yogot a sa a firij da dare, da safe ya yi laushi.

Na daɗe ina jin kunyar wannan. An raine mu a kan cewa in hayaƙi bai tashi ba, ba a ci abinci ba, kuma macen da ta ba ɗanta abu mai sanyi ta gaza. Na sha tsayawa ina kuka ina juya tukunya don kada a ce. Wa zai ce? Ba kowa a gidan sai ni da jikata. Ita kuwa ranar da na fara haɗa mata faranti da ƙwai, cuku, tumatir, burodi da yankan lemo, cewa ta yi yau biki ake.

Kuma ɗan shekara tara ba jariri ba ne. Zai iya ɓare ƙwai, ɗauraye wake, goga karas, wanke kwano biyu. Ruwan zafi da bakin gwangwani kawai za ki hana shi. Shirun da kika ce yana yi, ina jin so yake a ba shi abin yi.

Mai Jinyar Kanta ta dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na bari sai da na yi kwana goma ina gwadawa kafin in dawo da labari.

Kuskus ɗin Anti Nas ya zama abincin ranarmu kusan sau huɗu a sati. Ranar farko na cika ruwa ya caɓe, yanzu da kofi ɗaya nake auna duka biyun. Na auna tsayuwata: minti uku, daga cika buta zuwa zuba ruwa. Shayi kuma na mayar da shi hantsi, ƙwayar da dare da ruwan lemo.

Baba Malam, shinkafar bargo ta yi, amma sai a karo na biyu. Na farko na kasa haƙuri na buɗe a minti ashirin in gani, zafin ya gudu, ta fito da tsakiya-tsakiya sai da na mayar kan wuta. Karo na biyu na naɗe na je na kwanta, barci ya ɗauke ni, na farka bayan minti hamsin na tarar da abinci yana jirana. Rabon da in ci abinci mai zafi ba tare da jiri ba tun kafin asibiti. Taliyar kuwa, ka yi haƙuri, ni bakina ya ji bambanci, ta ɗan yi danƙo. Wataƙila ruwan ne ya yi kaɗan, zan sake da tukunya mafi girma in an sake ni in ɗaga.

Ots ɗin da ake jiƙawa cikin dare bai karɓe mu ba. Wuta ta ɗauke wajen ƙarfe ɗaya, da safe ya yi tsami, na zubar. Na koma na fulas.

Goggo, maganarki ce ta sa ni hawaye, kuma kin yi gaskiya game da yaron. Na ba shi ɓare ƙwai da wanke kwanuka. Ƙwan farko rabinsa ya tafi da ɓawo. Yanzu ya gano da kansa cewa in an tsoma su a ruwan sanyi sun fi ɓaruwa, yana ta yi mini bayani kamar shi ya ƙirƙiro. Kwandon ma na haɗa, yana ƙarƙashin gado, sai dai dabinon yana raguwa ba tare da na taɓa ba.

Tambaya ɗaya ta rage: sadin ya fara isar sa, jiya ya tsince shi gefe ya ci kuskus ɗin gaya. Ban da ƙwai da wake, me kuma zan iya sa wa a ciki wanda ba ya son wuta?